Shekarar da Na Mayar da Sanarwa Bayan Kiɗa

Kwana goma sha tara ke nan rabon Dogon Dutsi da ruwa. Geron da aka shuka bayan ruwan farko ya fito, ya kai tsawon yatsa, ya tsaya nan. Da safe rana takan fito fara fat, kafin hantsi bangon ɗaki ya yi zafin da ba a jingina da shi. Da la'asar hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, kowa ya kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi ta bar mu da rairayi a cikin tuwo. A cikin wannan hali ne wayata ba ta hutawa. 'Yan jita ne suke turo mini sababbin waƙoƙinsu, wai in saurara in sa baki a saka musu a rediyon makaranta. Na gaya musu na ajiye aiki shekara huɗu ke nan. Na faɗa da Hausa, na faɗa da Faransanci. Wani ɗan Tibiri ya turo waƙa ɗaya har sau shida, kowace da saƙon cewa, "Madam, ki share waccan, wagga ita at ta ƙwarai." Duk shidan abu ɗaya ne, sai dai a ta biyar akuya ta yi kuka.

Ina saurare kuwa, duk da mitar da nake yi. Amma ba na iya jin kukan jita a irin wannan zafi ban tuna wata damina ba, shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce, wadda ta biyo bayan shekarar da fara ta cinye gero.

Lokacin ina koyar da Faransanci a lise, wato babbar sakandare, ban daɗe da fara aiki ba, kuma ina ji da kaina. Makarantar tana da ɗan gidan rediyo, in dai za a kira shi gida: ɗaki ɗaya mai rufin kwano a bayan azuzuwa, eriya ɗaure a jikin dogon ƙarfe, faifan hasken rana ɗaya da batiran babbar mota guda biyu. Abin da batiran suke iya ɗauka awa biyu ne a yini, daga la'asar zuwa kusan magariba. Tsarin ba ya canzawa. Da farko sanarwa: inda ruwa ya sauka da yawansa, wanda ya rasu, wanda saniyarsa ta ɓace, taron da za a yi. Bayan nan sai shirina, wanda na sa wa suna Sabuwar Jita.

Masu kiɗan samarin ƙauyuka ne, makanikai da teloli da masu faci, da suka ji wani kiɗa mai ƙara a kaset ɗin da 'yan ci-rani suke dawowa da shi daga bakin teku, suka ce su ma za su yi. Su da kansu suna ce masa rok. Ba su da uban gida, ba su da wurin ɗaukar murya, ko a garinsu ba a ɗauke su a bakin komai ba. Su haɗa jita da tsohuwar rediyon mota, su kifa jarkoki a matsayin ganga, su ɗauka a ɗakin wani, su naɗe kaset ɗin a takardar siminti su ba direban motar kasuwa. Direba ya jefa shi gaban gilashi, rana ta gasa shi tun daga Ɗan Kassari. In ya iso hannuna sai in zauna da alƙalamin bik ina juya zaren, ina liƙe inda ya tsinke da jan farce. Rabinsu ba sa sauraruwa. A wani kaset mawaƙin ya tsaya tsakiyar baiti ya amsa kiran uwarsa, ya ce mata gishiri yana bisa taga, sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Amma akwai Tsatsa. Su huɗu ne daga Dumega, babbansu Lawali, mai gyaran babur, wanda yake warware wayar birki ya yi tsirkiyar jita da ita. Yatsunsa duk tsaga ne. In ya kama wani tsohon karin goge ya sa masa wuta ya kora shi a guje, tsigar jikina tashi take yi. Na yi imani, kuma har yau ban canza ba, cewa abin da samarin nan suke yi ya cancanci kunnen mutane.

Ƙorafi kam na sha shi. Wasu matasan 'yan kasuwa masu wa'azi suka zo su uku da ladabinsu, suka ce kiɗan nan bai dace ba a shekarar da ake roƙon rahama. Ba a yi mako ba wata tsohuwa ta gidan bori ta zo tana dogara sanda, ta ce an sace kiɗan doguwarta, aljanar da take hawa kanta, ana buga shi kamar ana korar ɓarawo, in aljanar ta yi fushi babu ruwanta. Mutanen da ko gaisawa ba sa yi, ni na haɗa bakinsu. Na ba kowa haƙuri na raka shi ƙofa, a raina kuwa murna nake yi, don in ana ƙorafi to ana saurare. Sai daga baya na gane duka ɓangarorin ta lasifikar da muka rataye a ƙofar makaranta suke ji, hanyarsu ce ta wucewa.

Da aka yi hutun damina ɗalibai suka watse zuwa gonakin iyayensu. Direkta ya tafi Yamai wajen iyalinsa, ya bar mini mabuɗi. Na zama ni ce mai sanarwa, ni ce mai kiɗa, sai tsohon gardinmu, mai gadin makaranta, da yake danna kaset in ba na nan.

Daminar ta shigo da ƙeta. Aka yi ruwa ɗaya mai kyau, kowa ya fita da sungumi. Shuka ta fito, iska ta taso da rairayi ta binne ta cikin yini ɗaya. Aka sake shuka da ruwa na biyu, wannan kuma rana ta ƙone ta a tsaye. A gari ana cin abinci sau ɗaya, garin rogo da ɗan ƙuli in an samu. A ƙauye ko wannan babu.

Kawuna Arzika, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun ina 'yar shekara biyar da babana ya rasu. Shi ya kai ni makarantar boko a kan jakinsa mutane suna yi masa dariya. Yana zaune a wata tunga mai gida biyar, arewa da gari, ta fi kusa da Matankari. Wata Lahadi na ɗauki shirin ranar a kaset na bar wa gardi, na bi amalanken jaki na tafi in gan su.

Na tarar da Inna Tamo, matarsa, tana sauya ruwan anza, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci da sai sun yi kwanaki a ruwa ana sauyawa kafin su ciwu. Warinsu ya cika gidan. Tun asuba ita da sauran mata suka fita neman ganyen jiga da tafasa, suka dawo da abin da bai cika ƙwarya ba. Ta dafa, ta matse, ta barbaɗa dusa, ta miƙo mini da hannu biyu tana ba ni haƙuri. Ɗacin ya zauna mini a maƙogwaro har washegari. Rumbu a buɗe yake, an share shi har an kankare ƙasansa. Zangarniyar iri da Kawu yake sokewa a rufin ɗaki kowace shekara, wadda ko ana mutuwa ba a taɓawa, ta tafi a shuka ta biyu. Babu ƙwaya ɗaya ta iri a tungar. Abin da ya rage musu shi ne wani zance da ake yi, cewa wata ƙungiya za ta kawo irin gero mai saurin nuna, kuma a rediyo za a faɗi rana da wuri.

Magidantan biyar gayya suke yi, yau gonar wannan gobe ta wancan, suna nome ɗan abin da ya tsira a kwari. Gayya ce babu fura, sai tulun ruwa da aka jiƙa tsamiya a ciki. Babu waƙa, babu ihun da na sani ina yarinya, sai ƙarar hauya da numfashi. Da la'asar ta yi suka yi salla a gindin aduwa. Kawu ya je wajen wani faffaɗan dutse ya kwaso batir huɗu da ya shanya a rana tun safe, ya ɗan ciji kowane a gefe, ya jera su a rediyonsa da ke ɗaure da roba. Kowa ya matso. Muryata ta fito, siririya, tana karanta garuruwan da aka yi ruwa. Ba wanda ya yi ko tari. Na gyara zama ina satar kallon fuskokinsu, don na san abin da ke biye. Muryata ta ce, "Yanzu kuma, masu saurare, ga sabuwar waƙa daga Dumega." Kawu ya murɗa ya kashe. Ya zare batiran, ya ƙulle su a tsumma, ya sa a aljihu.

Na ce, "Kawu, ni ce fa."

Ya ce, "Na sani ke ta. Mun jiya, muryakki ta hita da kyau."

"Ai yanzu shirina zai fara."

"Dije," in ji shi, yana karkaɗe rigarsa, "batir huɗu gare ni, kuma rediyon ga ita ɗai ta cikin tungag ga dut. Su za su kai mu ranad da za a hwaɗi zancen iri. In na ba masu bugun kwano su, mi za mu shibka?"

Maƙwabcinsa, wani dogo mai giɓi, ya ce, "Kowa haka shikai, Madam. Da kin ce 'yanzu kuma', dut Arewa kashewa akai." Suka fashe da dariya, dariyar farko da na ji ranar, kuma a kaina aka yi ta.

Na koma gari raina a ɓace. Wata takwas ina gasuwa a ɗakin kwano, gumi yana ɗiga a kan takarda, ina liƙe zaren kaset da jan farce, ashe ni da gardi da ƙadangaru muke saurare. Lawali yana can yana tsaga yatsu, yana aiko mini da gaisuwa cewa ya gode da na sa duniya ta ji su. Wace duniya? Masu bugun kwano! Kalmar ta bi ni har gida. Yanzu kowa da wayarsa, labari yakan zo sau goma kafin rediyo ta buɗe baki, masu kiɗa kuma ba sa buƙatar kowa ya saka su. A lokacin kuwa ƙofa ɗaya ce, ni ke riƙe da ita, kuma mutane sun koyi yadda za su karɓi abin da suke so su rufe ta a fuskata.

Sai na yi dabara, irin ta mai ilimi. Na daina karanta sanarwa a farko. Na yayyanka ta na watsa a tsakanin waƙoƙi, babu lokacin da aka sani. Labarin ruwa yau bayan waƙa ta biyu, gobe bayan ta biyar. In buɗe shiri in ce, "Sanarwa na nan tafe, ku biyo mu." Wanda yake son ya san inda aka yi ruwa, to dole ya sha jita tukuna.

Abin haushi, dabarar ta ci. Cikin mako biyu na ji wata mata a bakin famfo tana rera karin Tsatsa da hanci, ba ta ma san tana yi ba. Wani mai amalanke ya wuce ƙofar gidana yana fito da shi. Wani dattijo kuma ya tako har makaranta ya tsaya a rana ya ce, "Madam, kin canye mani batir. Mu ruwa muka son ji." Na ce masa rediyo ba ta ruwa kaɗai ba ce, ɗan adam yana buƙatar abin da zai wanke masa zuciya. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya juya. Ni da na ci garin rogo da safe nake yi wa mai cin anza bayanin wanke zuciya.

Ba zan ce na manta da Kawu ba. Ya faɗa mini da bakinsa, a gaban shaidu huɗu. Na yi niyyar saya masa sababbin batir in aika ranar kasuwa. Kasuwa ta zo ina fama da wani kaset da ya narke, na ce ta gaba. Ta gaba ta zo mai amalanken ya riga ni tafiya. Na ce ai Kawu ya iya lallaɓa abinsa, yana shanyawa yana cizo, za su kai.

Wata Talata da azahar, zafi har kwanon rufi yana ƙara shi kaɗai, wani ma'aikacin gona ya kawo takarda a kan babur. Iri ya iso. Gobe Laraba da safe za a raba a Matankari, ga ƙauyukan da ke arewa, yini ɗaya tak, kowane magidanci ya je da kansa. Ya ce in karanta yau, ya wuce. A ranar nan kuma, kamar da gangan, direban motar Dumega ya miƙo mini sabon kaset na Tsatsa. Na saka shi ni kaɗai na zauna a ƙasa. Waƙa ɗaya ce ta kusa cinye fuska guda ta kaset ɗin. Tana farawa a hankali, jita ɗaya tana ta nanata abu guda, sannan sauran su shigo ɗaya bayan ɗaya har ɗakin ya cika. Lawali bai taɓa yin kamarta ba, kuma ban ji ya sake ba.

Na riƙe takarda a hannun dama, kaset a hagu. Na san zancen iri ya bazu, na san yau duk wanda yake da rediyo zai kunna kuma ba zai kashe ba. Irin wannan taron kunnuwa ba zan sake samu ba. Na buɗe shiri na ce, "Masu saurare, akwai babbar sanarwa a kan iri. Tana nan bayan wannan waƙa." Na danna. Na bar ta ta tafi tun daga farko har ƙarshe, ban rage ko ɗis ba, ina lilo da kai idona a rufe. Da ta ƙare na karanta sanarwar sau biyu, a tsanake, na rufe tasha na tafi gida ina jin na yi aikin kirki.

Washegari wajen azahar ina wanke kwanuka aka yi sallama. Kawu ne a ƙofar gida, da maƙwabtansa huɗu, kowa da buhu a naɗe a hammata. Jakinsu yana tsaye kansa a ƙasa, haƙarƙarinsa ana ƙirgawa. Tun asuba suka taso.

Kawu ya ce, "Dije, rediyo ta mutu muna tsakiyar kiɗin ga. Mun ji kin ce iri. Munka ce tunda nan ne babban gari, nan za a raba. Ina ne wurin?"

Kwanon da ke hannuna ya faɗi. Na ce, "Matankari ne, Kawu. Yau da safe."

Daga tungarsu zuwa Matankari tafiyar hantsi ce da ƙafa. Sun ba ta baya, sun yi rabin yini suna nisanta da ita.

Na fita ko takalmi ban daidaita ba na tare mai babur. Ya ɗauke mu mu biyu, Kawu a tsakiya, ni a baya ina riƙe da kafaɗarsa, ƙashi zalla a ƙarƙashin riga. Iska mai zafi tana dukan fuska, gonaki a hagu da dama jajaye babu kore. Duk hanya ina roƙon Allah ya sa an makara kamar yadda aka saba makara a kowane rabo. Ranar ba a makara ba. Muka tarar ana ninke buhunan da babu komai a ciki, wasu mata suna tsintar ƙwayoyin da suka zube a rairayi. Mai rabon ya ce an kira sunan tungarsu sau uku, da ba a ga kowa ba aka ba waɗanda suke tsaye. Ya yi rantsuwa ko mudu bai rage ba, kuma na ga gaskiya yake faɗa.

Kawu ya nemi inuwar bango ya tsuguna, buhunsa a kan gwiwa. Na tsaya a gabansa na kasa zama. Na jira ya yi faɗa, wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi. Sai ya ɗago kai ya ce, "Tun bisa hanya nika gaya musu, Dije ba ta yin haka da kanta. Ɗiyad da ta tashi cikin gona ta san mi a iri. Sa ta anka yi." Ya goge bakinsa da ya bushe. "Wa yas sa ki aje magana bayan kiɗi? Direktan nan naku na, ko?"

Direkta yana Yamai, wata guda bai san abin da ake ciki ba.

Na ce, "E, shi ne."

Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "Na sani. Allah shi isam muna."

Bayan kwana biyu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tun hantsi har la'asar, ƙasa ta jiƙu har gwiwar hannu. Waɗanda suka samu iri suka shuka, kuma ya yi. A tungar Kawu aka zauna ana kallon ƙasa mai laima. Na bi gari gida gida na haɗa musu ɗan wake da geron ci, wanda aka shuka bai kai ga nuna ba ruwa ya ɗauke. Babbar gonarsa ta yi ciyawa. Kafin kaka Kawu, da furfurarsa, ya ƙetara iyaka wajen Kabi yana yi wa mutane ƙwadago a gonar shinkafa, abin da bai taɓa yi ba ko yana saurayi. Sanarwa kuwa tun ranar Alhamis na mayar da ita farko, ba wanda ya tambaye ni dalili.

Kawu ya yi shekara tara a duniya bayan nan. Yakan zo gari ya same ni a makaranta, ya gaida gardi, ya gaida malamai ɗaya bayan ɗaya, in direkta ya miƙo hannu sai ya kau da kai ya wuce. Direkta mutum ne mai son a zauna lafiya, abin ya dame shi ƙwarai. Sau biyu yana kirana ofis ya ce, "Madam Hadiza, don Allah me na yi wa tsohon nan?" Duka biyun na ce masa ban sani ba.